Faifan waƙa mai ɓoye kansa a kwamfuta: nazarin badaƙalar Sony BMG ta 2005

A ranar 31 ga Oktoba 2005, Mark Russinovich, injiniyan da ya yi suna wajen sanin lungu da saƙon Windows, ya wallafa wani rahoto da ya tayar da ƙura. Yana gwada wata manhajarsa mai suna RootkitRevealer, wadda aikinta shi ne tono abubuwan da aka ɓoye wa mai kwamfuta, sai ta nuna masa wata folda da wasu fayiloli da wasu layuka a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, waɗanda bai san da zamansu ba. Da ya bi sawu, sai ya tarar ba 'yan kutse ba ne suka dasa su. Wani faifan CD na waƙoƙi ne da ya saya da kuɗinsa a Amazon, na kamfanin Sony BMG, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin waƙa huɗu na duniya a lokacin.

Galibi ana ba da labarin nan a matsayin sakacin wasu masu rubuta manhaja da ba su iya aikinsu ba. Sakacin akwai shi, kuma za a gani a ƙasa. Amma tushen ɓarnar ya girmi sakaci. Abin da Sony BMG ya so yi ba ya yiwuwa sai an ƙwace wani ɓangare na ikon kwamfuta daga hannun mai ita, kuma kusan kowace matsala da ta biyo baya daga nan ta tsiro.

Faifan da ba shi da makulli

Philips da Sony ne suka fitar da ƙa'idar faifan CD na sauti a 1980. A ƙa'idar, sautin yana zaune a faifan a fili: ana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta lambobin yadda suke, babu sirrantawa, babu mabuɗi. A 1980 wannan bai dami kowa ba, don ba kowa ke da na'urar da za ta kwashe lambobin ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kusan kowace kwamfuta ta zo da abin karanta CD, tsarin MP3 ya matse waƙa ta koma ƙarama, Napster, manhajar musayar waƙoƙi ta intanet, ya bayyana a 1999, iPod, na'urar sauraron waƙa ta aljihu ta kamfanin Apple, ya biyo baya a 2001. Cinikin fayafayai ya fara zamewa, kamfanonin waƙa suka shiga neman mafita.

Matsalarsu ita ce ba za su iya sirranta sautin ba. Duk faifan da aka sirranta ba zai yi a rediyon mota ko na'urar ɗaki ba, kuma akwai miliyoyinsu a gidajen mutane. Dole faifan ya kasance a buɗe ga tsohuwar na'ura, a rufe ga kwamfuta. Hanya biyu kawai ke akwai. Ta farko ita ce a rikita tsarin faifan da gangan yadda kwamfuta za ta ruɗe. Wannan an gwada, kuma tun 2002 mutane suka gano cewa ja wa gefen faifan layi da alƙalamin maka yana kashe dabarar. Ta biyu ita ce a sa faifan ya ɗora wa kwamfutar wata manhaja da za ta tsaya tsakanin mai kwamfuta da faifansa. Ita Sony BMG ya zaɓa, kuma ya yi amfani da kayan kamfanoni biyu: XCP ta First 4 Internet na Birtaniya, da MediaMax ta SunnComm na jihar Arizona a Amurka.

Abin da ke faruwa idan an saka faifan

Faifan XCP kashi biyu ne. Kashi na farko waƙoƙi ne kamar na kowane CD, shi na'urar ɗaki ke gani. Kashi na biyu, can wajen bakin faifan, bayanan kwamfuta ne, kuma a cikinsa akwai fayil ɗin da ke gaya wa Windows ta buɗe wata manhaja da kanta da zarar an rufe faranti. A Windows XP wannan ɗabi'a mai suna AutoRun a kunne take zuwa, kuma mafi yawan masu kwamfutar gida suna shiga ne da cikakken ikon mai gudanarwa, wato duk abin da suka buɗe yana da damar taɓa ko'ina.

Abu na farko da mai saye zai gani shi ne yarjejeniyar amfani, doguwa, mai kalmomi kusan 3,000. Yayin da take kan allo, manhajar tana duba abubuwan da ke gudana a kwamfutar tana kwatanta su da jerin sunayen manhajojin kwafar faifai kusan 200. In ta ga ɗaya, sai ta ba da daƙiƙa 30 a rufe ta, in ba haka ba ta tofo faifan waje. In mutum ya ƙi amincewa da yarjejeniyar, nan ma ta tofo shi. In ya amince, sai a girka masa abubuwa uku.

Na farko manhajar sauraro ce ta musamman. Da ita kaɗai za a saurari faifan a kwamfutar, kuma tana ba da damar buga kwafi uku kacal, ko a ajiye waƙoƙin a tsarin Windows Media mai makulli. Wannan tsarin ba ya shiga iPod, na'urar da ta fi kowace kasuwa a lokacin.

Na biyu wani direba ne, irin ƙananan manhajojin da ke zama tsakanin Windows da sassan kwamfuta. Wannan sunansa crater, kuma ana cusa shi ne a jerin direbobin da duk bayanan da ke fitowa daga abin karanta CD ke ratsawa. In ya gane faifan na XCP ne, kuma mai neman sautin ba manhajar kamfanin ba ce, sai ya miƙa mata hayaniya maimakon waƙa. Tare da shi akwai wata hidima da ke gudana ba dare ba rana, ko da babu faifai a ciki, tana leƙa manhajojin da ke aiki duk bayan daƙiƙa biyu, tana cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na ƙarfin kwamfutar. An laƙaba mata suna Plug and Play Device Manager, sunan da duk wanda ya gani zai ɗauka wani sashe ne na Windows.

Na uku shi ne ya jawo abin kunyar: direba mai suna aries.sys. A can cikin zuciyar Windows akwai wani jadawali da ke nuna inda za a tura kowace buƙata, kamar "jero mini fayilolin wannan folda" ko "nuna mini abubuwan da ke gudana". Aries yana sauya wasu layuka na jadawalin yadda buƙatun za su bi ta hannunsa, ya karɓi amsar gaskiya daga Windows, ya tsame duk wani abu da sunansa ya fara da $sys$, sannan ya miƙa sauran. Fayil, folda, layin rajista, manhaja mai gudana, duk ɗaya. Wannan ita ce dabarar da masana tsaro ke kira rutkit, kuma kafin lokacin an fi saninta a hannun masu kutse.

Kuskuren da ya fi muni a nan shi ne aries ba ya tambayar wane ne mai fayil ɗin. Sunan kawai yake dubawa. Russinovich ya kwafi Notepad, ya sauya masa suna zuwa $sys$notepad.exe, nan take ya ɓace daga gani. Ma'ana duk kwamfutar da aka taɓa sauraron faifan a cikinta ta samu maɓoya kyauta ga kowane mugu, maɓoyar da yawancin manhajojin riga-kafi na lokacin ba sa iya leƙawa.

Me ya sa sai an ɓoye

Amsar tana cikin aikin da aka ba manhajar. Manhajar kirki tana yi wa mai kwamfuta hidima ne, don haka ba ta tsoron ya ganta ko ya cire ta. Wannan kuwa aikinta shi ne ta hana shi abin da yake so ya yi. Duk wanda ya ganta ya kuma fahimci aikinta zai cire ta, da ya cire ta kuma kariyar ta ƙare. Saboda haka dole ta shiga ba tare da ya gane ba, ta zauna ba tare da ya gani ba, ta kuma ƙi fita in ya nemi fitar da ita. Waɗannan siffofi uku su ne siffofin manhajar leƙen asiri. Ed Felten da Alex Halderman na Jami'ar Princeton, waɗanda suka fi kowa tona cikin manhajojin biyu, a kan wannan batu suka tsaya: masu ƙera kariyar CD da masu ƙera manhajar leƙen asiri matsala ɗaya suke fuskanta, shi ya sa suka ɓulla da mafita iri ɗaya.

MediaMax ta tabbatar da haka ta wata fuskar. Ita ba ta da rutkit, amma tana zuba fayilolinta a kwamfuta ta kuma kunna direbanta tun kafin mutum ya karanta yarjejeniyar. Ko ya danna "ban yarda ba", fayilolin suna nan. Dalilin a fili yake: in aka jira amincewa, mai wayo zai bar yarjejeniyar a kan allo ya kwashe waƙoƙinsa. Kuma ita ce ta fi yaɗuwa. XCP tana kan kundin waƙoƙi 52, fayafayai kusan miliyan 4.7 aka buga, aka sayar da kimanin miliyan 2.1. MediaMax kuwa tana kan fayafayai kimanin miliyan 20.

Dukansu biyun suna kuma tuntuɓar kamfani ta intanet duk lokacin da aka kunna faifai, su aika lambar kundin waƙar. Manufar da aka bayyana ita ce sauko da sababbin hotuna da talla, amma ko ba a nufa ba, kamfanin yana samun lambar intanet ta mai sauraro da abin da ya saurara da lokacin. Yarjejeniyar ba ta faɗi wannan ba, ba ta kuma ambaci ɓuya ba. Abin da ta tsaya faɗa shi ne in aka sace faifanka, ko ka bar ƙasar, ko ka karye a kasuwa, dole ka goge waƙoƙin daga kwamfutarka, kuma duk ɓarnar da manhajar ta yi maka, kamfanin ba zai biya fiye da dala 5 ba.

Cirewa

XCP ba ta zo da hanyar cirewa ba, ba ta kuma bayyana a jerin manhajojin da ake cirewa a Windows. Wanda ya gano fayilolin ya goge su da hannu sai ya tarar abin karanta CD ɗinsa ya ɓace ɗungurungum. Dalili shi ne rajistar Windows tana nan tana cewa dole bayanan CD su ratsa ta crater. Da Windows ta neme shi ba ta same shi ba, sai ta ƙi tayar da na'urar baki ɗaya. Gyaran shi ne a goge sunan crater daga layin rajista mai suna LowerFilters, amma an kulle layukan XCP yadda ko mai gudanarwa ba zai taɓa su ba sai ya ɗauki matsayin ita Windows kanta, wanda ya fi nasa iko. Russinovich ya iya, don shi ya rubuta kayan aikin da ake yin hakan da su. Mai sauraron waƙa kuwa sai dai ya ɗauki kwamfuta ya kai wa mai gyara.

Shi ma aries ba a sauke shi lafiya yana cikin aiki. In aka cire shi daga ƙwaƙwalwar kwamfuta alhali wata buƙata tana kan hanyar shiga hannunsa, buƙatar za ta faɗa wurin da babu komai, Windows ta mutu da shuɗin allo. An kuma rubuta direbobin yadda za su tashi har a yanayin gyara na Safe Mode, wurin da ake gudu a tsira daga irinsu.

Makonni uku na Nuwamba

Kamfanin bai rasa gargaɗi ba. F-Secure, kamfanin riga-kafi na ƙasar Finland, ya sanar da Sony BMG matsalar tun farkon Oktoba, ana ta magana a asirce har Russinovich ya riga su fitowa fili. Martanin farko na Sony BMG shi ne raina abin. A wata hira da gidan rediyon NPR a ranar 4 ga Nuwamba, Thomas Hesse, shugaban sashen kasuwancin dijital na kamfanin, ya ce a ganinsa yawancin mutane ba su ma san mene ne rutkit ba, to me zai sa su damu. Maganar ta fi rutkit ɗin kanta ɓata wa kamfanin suna.

Cikin kwanaki masu wasan kwamfuta na World of Warcraft suka fara sa wa manhajojin maguɗinsu $sys$ don su kauce wa manhajar wasan mai kama maguɗi. Zuwa 10 ga Nuwamba an ga muguwar manhaja ta farko, Breplibot, tana yawo ta imel tana fakewa a maɓoyar. A ranar ce Stewart Baker, babban jami'i a ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka, ya tunatar da kamfanonin waƙa a bainar jama'a cewa haƙƙin mallakar nasu ne, amma kwamfutar ba tasu ba ce. Washegari Sony BMG ya dakatar da buga fayafayan XCP, bayan 'yan kwanaki ya ce a dawo da su daga kantuna. Microsoft ya sanar cewa kayan tsaronsa za su riƙa cire ɓangaren ɓuyar. Dan Kaminsky, wani mai binciken tsaro, ya yi dabarar tambayar na'urorin DNS na duniya, waɗanda ke nemo wa kwamfutoci adireshin shafukan intanet, ko an taɓa neman adireshin da manhajar ke tuntuɓa ta hannunsu, ya samu sama da 500,000 da suka amsa e. Kowace ɗaya tana nufin aƙalla kwamfuta ɗaya a bayanta, har da na cibiyoyin gwamnati da na soja.

Sai kuma maganar manhajar cirewa da kamfanin ya fitar daga baya, wadda ta zama gyaran gangar Auzinawa. Don a same ta sai an cika fom a shafin kamfanin, an ba da adireshin imel, an jira saƙo, an sake cika wani fom, sannan a yarda Internet Explorer ya girka wani ɗan ƙari mai suna CodeSupport, irin ƙananan manhajojin ActiveX da ke aiki a cikinsa. An yi wa wannan ƙarin alamar cewa kowane shafin intanet zai iya ba shi umarni, kuma daga cikin umarnin da yake karɓa akwai "sauko da fayil daga wannan adireshi ka gudanar da shi". Ba ya duba daga ina umarnin ya fito, kuma bayan an gama cirewar yana nan zaune. Matti Nikki, wani mai bincike ɗan Finland, shi ya fara lura, Felten da Halderman suka tabbatar a tsakiyar Nuwamba. Rutkit ɗin tana taimakon mugun da ya riga ya shigo ne kawai; manhajar cirewar kuwa ita ke buɗe masa ƙofa, ziyarar shafi ɗaya ta isa. Da aka duba ta SunnComm, sai aka tarar da irin wannan ramin. A Disamba kuma kamfanin iSEC Partners ya nuna cewa MediaMax 5 tana barin foldarta a buɗe ga kowane mai amfani da kwamfutar, yadda ƙaramin mai amfani zai iya musanya fayil ya samu ikon mai gudanarwa.

Wani abin dariya a gefe: da masu bincike suka warware XCP, sun tarar da sassan manhajojin kyauta a ciki, irin su LAME da wani ɓangare na VLC, an yi amfani da su ba tare da cika sharuɗan lasisinsu ba. Manhajar kare haƙƙin mallaka ta taka haƙƙin mallakar wasu.

Wa aka hana, wa aka bari

A nan lissafin kasuwancin ya rushe. XCP ba ta yin komai a Mac ko Linux. A Windows ma, riƙe maɓallin Shift yayin saka faifai yana hana AutoRun tashi, faifan ya koma CD kamar kowane. Wannan ba sirri ba ne: Halderman ya wallafa shi game da MediaMax tun Oktoba 2003, har SunnComm ya yi barazanar kai shi kotu kafin ya janye. Kuma mai satar fasaha ba ya buƙatar kowa ya iya. Mutum ɗaya ya kwashe waƙar ya ɗora a intanet, shi ke nan ta wadaci duniya. Waƙoƙin da ke kan fayafayan nan duk ana samunsu a shafukan musayar fayil. Wanda ya sauko da su a can bai gamu da aries ba. Wanda ya je kanti ya biya, ya saka faifai, ya danna "na yarda", shi ne ya kwashi cutar. Har ma kamfanin da kansa yana aika wa masu ƙorafin iPod bayanin yadda za su zagaye kariyar: su buga waƙoƙin a sabon CD, sannan su kwashe su daga can zuwa iTunes, manhajar Apple da ake zuba waƙa a iPod da ita.

Kotu da doka

A ranar 21 ga Nuwamba 2005 babban lauyan jihar Texas, Greg Abbott, ya shigar da ƙara a ƙarƙashin sabuwar dokar jihar ta hana manhajar leƙen asiri, wadda ta tanadi tarar dala 100,000 kan kowane laifi. Ƙungiyar EFF mai kare 'yancin masu amfani da fasaha ita ma ta shigar da tata a ranar. Ƙararrakin masu saye an haɗa su a New York aka sasanta: mai faifan XCP zai karɓi sabon faifai marar manhaja, da dala 7.50 haɗe da kundin waƙa ɗaya ta intanet, ko kuma kundi uku babu kuɗi. A Disamba 2006 kamfanin ya amince ya biya Texas da California dala 750,000 kowacce, da dala miliyan 4.25 ga wasu jihohi 39 da birnin Washington. A Janairu 2007 hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta sa shi biyan har dala 150 ga duk wanda kwamfutarsa ta lalace wajen ƙoƙarin cirewa, ta kuma wajabta masa bayyana duk wata ƙayyadewa a jikin kwali. Ga kamfani mai cinikin biliyoyi, kuɗin ba wani abu ba ne.

Abin da ya fi nauyi a fannin doka bai shiga kotu ba. Dokar DMCA ta 1998 ta haramta karya duk wata kariyar haƙƙin mallaka, ba tare da ta bambanta ɓarawo da mai bincike yadda ya kamata ba. Felten da Halderman sun bayyana cewa sun san da matsalar XCP makonni kafin Russinovich, amma suna can suna shawara da lauyoyi kan ko wallafawa za ta jawo musu ƙara. A tsawon makonnin ana ta sayar da fayafayan. Su biyun suka nemi a yi togaciya, kuma a Nuwamba 2006 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, wanda doka ta ba ikon yin haka duk bayan shekara uku, ya halatta karya kariyar CD na sauti don bincike da gyaran raunin tsaro.

Sony BMG bai koma ga irin wannan kariya a CD ba. Ba wannan badaƙala kaɗai ta kashe makullin waƙa ba, amma ta rage masu kare shi: kamfanin waƙa na EMI ya fara sayar da waƙoƙi marasa makulli a kantin iTunes a 2007, Amazon ya buɗe kantin MP3 a shekarar, Sony BMG ya shiga a Janairu 2008, Apple kuma ya sanar da cire makulli daga dukkan waƙoƙin iTunes a Janairu 2009. Windows ma ta sauya. Daga Windows Vista, wadda ta gaji XP, tana tambaya kafin ta buɗe manhajar da ke kan faifai, tana neman izini kafin a girka direba, kuma nau'inta mai bit 64 ba ya barin a taɓa jadawalin da aries ya sauya.

Fayafayan kansu ba su ƙare ba, don ba duka aka mayar ba, kuma har yanzu suna zagayawa a hannun masu sayar da tsofaffin CD. Ana gane na XCP da rubutun Content Protected a gefen kwali da adireshin cp.sonybmg.com/xcp a bayansa. Na MediaMax kuwa adireshin sunncomm.com ne a wurin. A Windows ta zamani mai bit 64 direbobin ba sa tashi, don an rubuta su ne ga tsarin bit 32. Haɗarin yana ga mai tsohuwar kwamfuta mai Windows XP: shi ya kashe AutoRun tukuna, ko ya riƙe Shift har faifan ya gama juyawar farko, kuma kada ya buɗe komai daga kashin bayanan da ke cikinsa.